Kuɗin Shara Daga Ohio

Ohio, watan Oktoba

Halima Sadiya,

Shekara goma sha huɗu ke nan rabona da gida, tun ranar da kuka raka ni Ƙofar Na'isa kina yi mini tsiya wai akwatina ya fi ni nauyi. A duk shekarun nan ban ga rubutunki ba sai yanzu, shi ma da buƙata ya zo. Ban yi fushi ba, na dai lura.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Malam Ilu da yara, da Gwaggo 'Yardada da ƙafarta. Ni ƙalau nake, sai ciwon baya na zaman mota. Kin kyauta da kika rubuta da hannu kika ɗauko hoton takardar. Ba na yin saƙon murya, don na san kafin la'asar ya gama zaga dangi.

Kin ce Na'ima, 'yarki da na bari tana 'yar shekara huɗu a gidan Gwaggo a Goron Dutse, ita ce yau take son zuwa waje karatun kasuwanci. To ki fara da duban ni. Karatun nan shi ya kawo ni. Wani dillali ya zaɓa mini makaranta mai kyan hoto, kuɗi suka ƙare a shekara ta biyu, ga ni har yau ina tuƙa motar da ke kwaso ɗalibai daga filin jirgi zuwa kwalejojin yankin nan. Takardun zamana sun daidaita, amma ina tara kuɗin jirgin zuwa gida da na tsaraba, sun ƙi taruwa. Kuma jami'ar Bayero tana nan bayan gidanku a Dukawuya, ba abin kunya ba ce.

Amma ba zan ɓoye miki abin da na koya a bakin yaran da nake ɗauka ba. Kuɗin da makaranta take rubutawa a shafinta ba shi ne kuɗin ba. Kamar kasuwar Kurmi ne, sai dai a nan da takardu ake tayawa. Manyan jami'o'in da kowa ya san sunansu, ki manta da su. Ƙananan kwalejoji na ƙauye su ne ke neman baƙi, kuma wasunsu suna da asusu da mutane suka mutu suka bari don yaran da ba su taɓa gani ba. Wannan abu har yau yana ba ni mamaki, Sadiya. Na taɓa ɗauko wani yaro daga Nepal da jaka ɗaya da takalmin roba, wai wani manomin masara da ya rasu tun kafin a haife shi ne yake biya masa.

Kada ku ba dillali ko kwabo. Ki turo mini sakamakon jarrabawarta, ki kuma gaya mini me take yi banda karatu. Suna tambayar wannan sosai.

Jafaru


Dukawuya, watan Nuwamba

Ubangidana Jafaru,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, ta ce in tambaye ka ko an hana yin aure ne a can. Allah ya sawwaƙe bayan, ka riƙa sa filo.

Kai ne ma mai lura? Inna da mahaifinka 'ya'yan wa da ƙani ne, kai ɗan namiji, ni 'yar mace. Cika-ciki goma sha huɗu ya wuce ban ga kuɗin sharata ba. Sauran taubasaina ko naira ɗari biyu sukan miƙo don su tsira da bakina, kai ka tsallake teku ka ɓuya. Ina nan ina jira.

Ga sakamakon yarinyar nan na ɗauko maka. Ba laifi.

Abin da take yi kuwa, ba wani abu ba ne. Ka san matan unguwar Inna da sana'ar cikin gida: mai yaji, mai daddawa, mai turaren wuta, mai ɗinkin hula. To ita ce take bi gida-gida ta ɗauki hoton kayan ta sa a waya, masu so su aiko kuɗi, wani mai A-Daidaita-Sahu ya kai musu. Abin wasa ne ta fara tun tana aji huɗu na sakandare. Inna ce ta ɗaure mata gindi, tunda 'yar wajenta ce tun yaye. Maganar tafiyar ma su biyu suka ƙulla, Malam ya ce duk abin da Inna ta yanke shi ke nan. Ni aike kawai aka yi ni.

Na ba ta lambarka, za ta turo maka abin da ta rubuta.

Baiwarka da ba a biya,
Sadiya


Ohio, watan Disamba

Sadiya,

Salamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Sanyi ya sauka, ƙanƙara ta rufe ko'ina, amma lafiya lau.

"Ba laifi" kika ce? Na buɗe sakamakon nan a wajen shan mai, sai da na bayana ya danna mini oda. Irin wannan takarda ban taɓa riƙe ta ba, ko ta wani. Sannan ta turo mini bayanin kanta da makarantu suke nema. Na shirya biro zan yi gyara, na ƙare ban taɓa komai ba sai waƙafi biyu. Ta rubuta yadda ta lura cewa mata talatin da wani abu suna sayen kwalba da leda kowa da kanta a tsada, ta haɗa su ta saro a dunƙule. Ta rubuta yadda ta hana Asibi mai yaji sayarwa ƙasa da abin da ta kashe, don Asibi ba ta taɓa sa kuɗin icce da niƙa a lissafi ba. Sadiya, na biya dala dubbai a aji don a koya mini wannan da manyan kalmomi, yarinya ta tsince shi a lungunan Goron Dutse. Na daɗe zaune a mota ina kallon wayar.

Mun duba makarantu da yawa ni da ita, mun tsaya a uku. Duka sun yafe mata kuɗin fom da muka roƙa. Biyu za su iya rage rabi, rabin da ya saura kuwa ko an sayar da gidanku ba zai kai shekara huɗu ba, don haka ba na sa rai da su. Ta ukun ita ce magana. Tana wani ƙaramin gari da nake bi ta cikinsa kullum. Wata mata mai kantin kayan masarufi ta bar dukiyarta a can, ta ce duk shekara a ɗauki baƙo ɗaya wanda ya taɓa yin ciniki da hannunsa, a biya masa karatu da ɗaki da abinci. Mutum ɗaya tak.

Sharaɗinsu, banda takardar malamai da bayanin albashinku, shi ne wasiƙa daga uwa ko uba, a faɗi wace ce yarinyar da abin da ta yi. Kwamitin ya fi duba wannan. Ki rubuta da Hausa, ni zan juya. Ki cika shafi, kada ki rage komai. Ana rufewa ƙarshen Janairu.

Jafaru


Dukawuya, farkon Janairu

Jafaru,

Wa'alaikumus salam, mun gode Allah. Inna tana gaishe ka. Malam ya yi mura amma ya warware.

Na kwana biyu ina juya maganarka. Malam ya ce shi ba ruwansa, in ji da shi. Ga abin da na iya:

"Yarinyar tana da lafiya. Ba a taɓa kawo mana ƙararta ba. Tana dai taɓa 'yar sana'a kamar sauran yara. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

In bai yi ba, ka ƙara da naka.

Sadiya


Ohio, Janairu

Sadiya,

Salamu alaikum. Ina fata Malam ya ƙara samun sauƙi.

Na karanta layukanki huɗu sau uku, ko zan ga inda sauran suka maƙale. Ke malamar makaranta ce, kin fi shekara ashirin kina rubuta wa 'ya'yan mutane shaida. A kan 'yarki kuma abin da ya samu shi ne ba a kawo ƙararta ba? Yaran da za a gwada ta da su, iyayensu za su rubuta har ranar da suka fara tafiya. In na miƙa wannan, kwamiti zai ce ko uwarta ba ta ga komai a jikinta ba.

Kuma ba zan ƙara da nawa in sa sunanki ba. Ƙarya a takarda ita ta fi saurin korar mutum a ƙasar nan.

Bari in faɗi abin da na gani. Tun takardarki ta farko ba ki rubuta sunanta ko sau ɗaya ba. Kin ce abin wasa ne, kin ce aike aka yi ki. In ba kya son ta tafi, ki fito fili ki faɗa. Uwa tana da haƙƙin ta ƙi, kuma wanda ya ga yadda na ƙare ba zan zarge shi ba. Amma kada ki bar ni ina ƙona hutuna a ofisoshin mutane, kada kuma ki bar yarinya ta sa rai, alhali kin riga kin rufe ƙofa a zuciyarki.

Jafaru


Ohio, bayan sati biyu

Sadiya,

Salamu alaikum. Shiru. Na kira ba ki ɗauka ba. Na tambayi Na'ima, ta ce lafiyarki ƙalau, sai dai kullum in kin tashi daga makaranta ba kya zuwa gida sai magariba, kuma ba ta san inda kike zuwa ba. In harshena ya yi kaifi, kin san ni. Amma kwanaki sun ƙure.

Jafaru


Dukawuya, ƙarshen Janairu

Malam Jafaru,

Wa'alaikumus salam. Lafiya muke, sai ƙafata da ta kumbura, yanzu ni da Inna man zafi ɗaya muke shafawa.

Takardarka ta yi mini ciwo, ban amsa ba don kada in rubuta abin da zan yi nadama. Ashe ka daɗe har haka. Ka tuna mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ta taɓa kiran sunan Yaya Ibrahim, ɗanta na fari, a gabanka? Ta taɓa cewa ya yi ƙoƙari, ko ranar da ya sauke Alƙur'ani? Ɗaki ta shige ta rufo. Yarinyar nan ta fari ce. Tun da na haife ta ban ɗauke ta a gaban mutane ba. Ka ce in zauna in cika shafi da yabonta, in sa hannu, a karanta a gaban baƙi. Na gwada, wallahi na gwada. Hannuna ne ya ƙi. Na san yaran yanzu sun daina wannan, har a waya suke sa hoton 'ya'yansu, ni dai a haka aka gina ni.

To ga abin da na yi. Na bi gidajen matan da take sayar wa kaya, daga gindin dutse har Ƙofar Na'isa, na ce kowacce ta faɗi abin da ta sani, na ɗauka a waya. Wasu sai da na koma sau biyu, don maigida ba ya nan a nemi izini. Na Inna ne na ƙarshe, ita ce mai riƙonta, in suna son uwa ga uwa nan. Na san ba ka son saƙon murya, ka yi haƙuri da waɗannan. In Turawanka za su karɓa, to. In ba za su karɓa ba, na yi iyakar abin da zan iya.

Ni ban ce komai a ciki ba.

Sadiya


Ohio, farkon Fabrairu

Sadiya,

Salamu alaikum. Yaya ƙafar? Ki riƙa ɗora ta a kan filo, tunda ke kika koya mini.

Kin yi gaskiya, na daɗe. Abin da na tashi a cikinsa na kalla ban gane shi ba.

Na je wurin matar da ke kula da asusun, na yi mata bayanin 'yar fari. Ta saurara, ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba, ta tambaye ni ko yaran ba sa jin haushi. Na ce su ma sun san abin da shirun yake nufi. Ta ce in kawo fassarar tare da muryoyin, za ta sa a gaban kwamiti, ta Gwaggo ta zama wasiƙar mai riƙo. An miƙa kafin a rufe.

Ranar hutuna na zauna da muryoyin tun safe. Sadiya, ban san me zan ce miki ba. Asibi ta ce bana ta yi wa ɗakinta rufin kwano da kuɗin yaji. Mai turaren wuta ta ce kayanta sun je Fatakwal, ita da ko Wudil ba ta taɓa zuwa ba. Wata tsohuwa mai hula ta ce lokacin da idonta ya yi rauni, yarinyar ta nemo mata mai ƙarasa aiki aka raba riba, ba ta yar da ita ba. A bayan maganarsu ina jin tabarya, ina jin awaki, ina jin yara suna tilawa, har kiran sallar la'asar na masallacin gindin dutse. Na tsayar da aikin ban san sau nawa ba.

Na Gwaggo ne ya ba ni wahala. Ga yadda ta fara: "Wannan marowaciyar? Ni da na goya ta, in na ɗauki daddawa sai ta ce in biya. Ku tafi da ita can ta huta da mu, ko ma mu huta da ita." Sai da na rubuta musu a ƙasa cewa a wurinmu kaka ba ta yabon jika sai da zagi, kuma gwargwadon zagin gwargwadon son. Amma a ƙarshe muryarta ta sauka, ta ce, "Amanar mata talatin tana hannunta, ba a taɓa nemo ta an rasa ba." Wannan na juya shi yadda yake.

Sai abu ɗaya. Kin ce ba ki ce komai a ciki ba. Ki sake saurara. A kowane ɗaya akwai wata murya can ƙasa-ƙasa, kusa da wayar. "Ba ki faɗi zancen kwalaben ba." "Ki gaya musu ranar da aka yi ruwa ta kai kayan da ƙafa." "A'a, tana aji huɗu ne lokacin, ba biyar ba." In mace ta manta, muryar nan ta tuna mata. Ba abin da yarinyar ta yi a shekara uku da mai muryar nan ba ta sani ba, har watan da aka yi shi. Na zauna ina jin ki kina cika shafin da na nema, gida bayan gida, da bakin wasu.

Ban sa wannan a fassara ba, kada ki tashi hankalinki. Amma matar ofishin tana da kunne. Ta tambaye ni wace ce wannan da ke raɗa a baya. Na ce wata maƙwabciya ce. Ta dube ni ta saman tabarau ta yi murmushi.

Jafaru


Dukawuya, watan Afrilu

Ubangidana,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, zafi ne kawai. Na san ka riga ka ji, tunda kai yarinyar ta fara kira. An ba ta gurbin karatun.

Ina aji aka aiko. Na ƙarasa darasina, na je ofishin shugaba na roƙi ruwa na sha. Da na isa gidan Inna na tarar mata sun cika tsakar gida, Asibi tana guɗa kamar ita ta haifa. Na wuce ɗaki. Yarinyar ta biyo ni ta durƙusa a bakin ƙofa, na ce ta tashi ta je ta zuba wa baƙi ruwa. Har yanzu ina duba adadin da suka rubuta za su kashe mata a shekara, in juya shi zuwa naira, sai in ajiye wayar. Matar nan mai kanti ko musulma ce ko ba musulma ba, ta san sadaka mai gudana.

Saura abin da ba su ɗauka ba: biza, jirgi, inshorar lafiya, littattafai, da kuɗin da za a nuna a banki. Saniyar da aka ba yarinyar ranar suna tana ruga wajen Baffa Lawal, ta hayayyafa, ya sayar da biyu. Matan unguwa sun yi karo-karo ba da sanina ba. Duk da haka yarinyar ta lissafa ta ce saura dala dubu uku da ɗari takwas, kuma in ba a nuna su a watan gobe ba, gurbin zai koma kan na biyu. Malam yana maganar jinginar da shagonsa. Ba roƙonka nake ba, ka yi abin da ya fi kuɗi. Na faɗa ne don kada ka ji a bakin wani ka ce na ɓoye.

Maƙwabciyar nan tana gaishe ka.

Sadiya


Ohio, watan Afrilu

Baiwata Sadiya,

Salamu alaikum. Ina taya Gwaggo murna, da matan Goron Dutse, da maƙwabciya. Bayana da sauƙi.

Jiya na bi ta gaban kwalejin da mota ba kowa a ciki. Na tsaya na dubi ginin ɗakin karatunsu, itatuwa sun fara fure. Shekaru ina wuce wurin nan ina jin ɗaci a raina. Jiya ban ji ba. Na riƙa hango 'yar Goron Dutse tana hawa matakalar nan, kuma ni zan ɗauko ta daga filin jirgi, a kujerar gaba.

Ki gaya wa Malam Ilu kada ya taɓa shagonsa. Shekarun da ke gaba masu sauƙi ne, za a ba ta aiki a cikin makaranta, zai riƙe mata inshora da littattafai. Ta farkon ce mai wuya.

Ba kyauta zan yi ba, don na san ba za ki karɓa ba, kuma Na'ima ba ta bi na komai. Ke kike bi na. Kuɗin shara na Cika-ciki goma sha huɗu, kin ce kina jira. Haƙƙinki ne, in ya shiga hannunki ki yi abin da kika ga dama da shi, ba ruwana. Kano kuwa ba inda za ta je, ta ƙara jira na. Ki ce wa Gwaggo ta riƙe ƙafarta da kyau sai na zo.

Na je banki da safe na duba. Abin da na iya tarawa tun da na bar gida, dala dubu huɗu da ɗari da arba'in ne. Na turo dubu uku da ɗari takwas. Saura ɗari uku da arba'in.

Jafaru